Idan Aka Yanke wa Naka Ƙafa: Jagora ga Masu Jinya

A kakar riɗi, ana tsakar kwasar amfani daga gonakin kudancin Gadarif a Sudan, ƙanina ya zamo daga bayan tarakta, tayar tirela ta bi ta kan ƙwaurinsa na dama. Kwana huɗu likitoci suna fafutukar ceto ƙafar. A na biyar yatsun suka yi baƙi, wari ya fara tashi, aka ja ni gefe. Daga wannan rana zuwa ranar da ya taka ƙofar masallacin unguwa da ƙafar roba wata 7 ne, kuma ni da matarsa da Inna muka yi jinyar. Idan na waiwaya, kusan duk kuskuren da muka tafka, tausayi ne ya sa mu: matashin da muka cusa masa a ƙarƙashin gwiwa, butar da muka riƙa miƙa masa alhali hannunsa na kaiwa, yafiyar da dattawa suka so yi a madadinsa. Aikin likita a ɗakin tiyata bai wuce awa biyu ba. Sauran watannin duk a hannun 'yan gida suke.

Daga Mai Wurno zuwa Damazin da Kasala, da wuya ka samu unguwar da ba ta san yanke gaɓa ba. Wani haɗarin hanya ne ko na gona, wani ciwon sukari, wani nabit, ciwon kumburi da ƙaya ke shigar wa manomi a tafin ƙafa, wani ɗorin basir, wato mai ɗorin gargajiya, da aka matse fiye da kima. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 kuma, sai harsashi da ɓaraguzan bam da abubuwan da suka faɗi ba su fashe ba suka ƙaru a kai. Sanadi daban-daban ne, amma hanyar jinya kusan ɗaya ce. Zan fi yin magana kan ƙafa don ita na sani.

Sa'ar farko

Jini ne ke kisa da wuri, don haka shi ake fara tarewa. A samu tsumma mai tsabta, a danna kan raunin da ƙarfi, kada a ɗaga don leƙawa. In ya jiƙe a ƙara wani a kai. Idan jinin na tsartuwa kuma dannawa ta kasa, a ɗaure gaɓar a sama da raunin da kamar santimita 5 zuwa 7, a kauce wa gwiwa ko gwiwar hannu. A yi ɗaurin da abu mai faɗi, rawani ko gyale da aka ninka, ban da igiya ko waya. A sa kara mai ƙwari a murɗa har jinin ya tsaya. Zai yi ihu, a bar shi ya yi. A rubuta lokacin da aka ɗaura, kuma kada kowa ya sassauta sai likita.

Kada a zuba garin kofi, toka, ƙasa ko man birki a raunin. Duk abin da aka zuba sai likita ya kankare shi, tare da naman da ƙila zai rayu. Kada a ba shi ruwa ko shayi komai roƙonsa, domin cikin da ke da abu yana jinkirta banju, wato maganin sa barcin tiyata. Idan wani sashe ya cire gaba ɗaya, a naɗe shi da tsumma mai ɗanshi, a sa a leda a ƙulle, a jefa ledar cikin ruwan ƙanƙara. Naman kada ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye.

Karaya mai rauni a buɗe ba ta basir ba ce. Ko a karayar da fata ba ta fashe ba, in aka ɗora aka ga yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, sun mutu ko sun canja launi, zafi kuma na ƙaruwa, a kwance ɗorin nan take a nufi asibiti. Jira zuwa safiya ya ci hannun yara da yawa.

A asibiti ku tuna musu da allurar tetanus. Ku fara kiran samarin dangi tun a hanya, domin za a nemi jini kuma yawanci sai dangi sun bayar. Mai shekara 18 zuwa sama, mai nauyin kilo 50, lafiyayye, zai iya.

Takardar sa hannu

Ni aka miƙo wa takardar, a matsayina na babba. Baffanmu ya ce in sa hannu kawai, kada a gaya masa sai ya farka. Na gode Allah da ban bi wannan shawarar ba. Mutum baligi da ke cikin hayyacinsa, ƙafarsa ce, shi zai ji daga bakin likita, shi zai sa hannu. Na ga wani a gadon da ke kusa da namu da ya farka ya tarar babu, makonni ya yi ba ya yi wa 'yan'uwansa magana.

Ku shiga wurin likitan ku biyu, ɗaya na tambaya ɗaya na rubutawa, in Larabcin asibiti na ba ku wuya ku tafi da wanda ya iya. Ku tambaya me zai faru in ba a yanke ba, da kwana nawa ake da su na yin shawara. Neman ra'ayin likita na biyu ba rashin kunya ba ne, amma idan ruɓa ta fara hawa kuma zazzaɓi ya yi tsanani, lokacin yawo ya wuce. Tambaya mafi nauyi ita ce a ina za a yanke. Gwiwa dukiya ce. Wanda aka bar masa gwiwarsa yana tafiya da ƙafar roba da ɗan ƙarin wahala kawai, wanda aka yanke a cinya kuwa yakan kashe ƙarfin da ya ɗara na mai ƙafa biyu da fiye da rabi. Amma fa kada ku matsa wa likita ya bar nama matacce don a ce an bar tsawo, ƙarshenta a sake komawa tiyata.

Idan raunin na harsashi ne ko mai datti sosai, sau da yawa ba a ɗinkewa a ranar. Ana barin bakin a buɗe kamar kwana 5, sai an tabbatar ya yi tsabta a rufe. Inna da ta ga haka ta ɗauka an manta ne. Da gangan ake yi.

Ƙafar da aka cire kuwa, ku karɓa, ku naɗe a farin ƙyalle, ku binne a maƙabarta. Ba a yi mata wanka ko salla tunda mai ita na da rai. Mutum biyu sun isa, ba taro ba ne.

Matashi, angarib da gwiwa

Daren farko kada mai kwana da shi ya yi nisa da gado. Ƙwaƙwalwarsa ba ta san ƙafar ta tafi ba. Zai farka da fitsari, ya sauko ya taka babu, ya faɗi a kan ɗinki. Ku sa kujera ta tokare gefen gadon, ku ajiye masa abin fitsari inda hannunsa zai kai.

Yanzu ga kuskurenmu babba. Dungulmi, wato abin da ya rage na ƙafar, ya fi yi wa mai shi daɗi idan gwiwa na lanƙwashe. Matarsa ta lura da haka, ta ninka matashi ta sa masa a ƙarƙashin gwiwa, ya samu barci, duk muka sa mata albarka. Kwana goma muna haka. Ranar da mai gashi, wato mai motsa gaɓoɓi na asibiti, ya zo, wanda a nan ake ce wa na ilaj ɗabi'i, ya zare matashin ya ce wa ƙanina, "Miƙe ta." Gwiwar ta ƙi. Ya danna a hankali da tafin hannu, ƙanina ya damƙi ƙarfen gado, zufa na zuba. Jijiyoyin baya sun fara gajarcewa. Mako uku muka yi muna biyan bashin wannan matashin. Gwiwar da ta ƙage a lanƙwashe ba ta karɓar ƙafar roba yadda ya kamata, wani lokaci ma sam.

Saboda haka in yana kwance rigingine, gwiwa a miƙe sambal, babu komai a ƙarƙashinta. Kada ya riƙa saƙale dungulmin a bakin gado yana lilo. In yana kan keken guragu ko kujera, a sa katako a ƙarƙashin mazauninsa ya fito gaba, a shimfiɗa tawul, dungulmin ya kwanta a kai a miƙe. Da zarar likita ya yarda, ya riƙa kwanciya rub-da-ciki na minti 20 zuwa 30, sau biyu ko uku a rana, don ƙugu ya miƙe. Wanda aka yanke a cinya ya fi kowa bukatar wannan, kuma shi kada a sa masa matashi tsakanin cinyoyi.

Angarib, gadon igiya, shi ma yana da nasa laifin. Igiyarsa na lotsawa, mutum ya nutse a tsakiya, ƙugu da gwiwa duk su lanƙwashe ba a sani ba. Mu tsohon ƙyauren ƙofa muka ɗora a kai, muka sa katifa.

A waɗannan makonni ido na kan abu huɗu. Ciwon kansa: wari, mugunya, ja mai yaɗuwa, baƙi a gefen ɗinki. Zazzaɓi: kada a yanke hukuncin maleriya ce a sayo magani a kanti, a gwada jini kuma a buɗe ciwon a duba. Ɗaya ƙafar: in sha-raɓarta ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya sarƙe masa farat ɗaya, jini ne ƙila ya daskare a jijiya, asibiti nan take. Sai baya da ɗuwawu da diddige: wanda ba ya iya juyawa da kansa a juya shi duk awa 2, in ba haka ba gyambon kwanciya ya buɗe. Zaren ɗinki yawanci ana cire shi bayan mako 2 zuwa 3.

Nama da nama ake gina shi, amma ba dole sai na mahauci ba. Wake irin su ful da adas, ƙwai, madara, gyaɗa da kifi duk suna yi, a haɗa da kisra ko tuwo. Sigari, shisha da tumbak, wato tabar baki, suna tsuke jijiyoyin jini, ciwo ya ƙi rufewa. Mai sukari kuma, shayin masu dubiya kaɗai ya isa ya lalata aikin likita.

Naɗin dungulmi

Wannan aiki ne da wani a gida dole ya ƙware a kai, kuma a ƙarshe mai ƙafar ya koya da kansa. Bayan tiyata dungulmi kumbura yake, ƙarshensa ya yi ƙato kamar kan taɓarya. Ƙafar roba kuwa tana son wanda ya tsuke a ƙasa ya buɗe a sama. Bandeji mai talewa ke yin wannan gyaran, mai faɗin santimita 10 ga na ƙasan gwiwa, 15 ga na cinya. Ku sayi aƙalla biyu, ɗaya a jiki ɗaya a shanya.

Kada ku fara sai likita ya ce ciwon ya kai, kuma ku sa mai gashi ya yi a gabanku, ku ɗauka a waya. Ana naɗawa a karkace, a gicciye kamar lamba 8, daga ƙarshen dungulmin zuwa sama. Matsin ya fi ƙarfi a ƙasa, yana raguwa yayin da ake hawa. Kada a taɓa zagayawa a miƙe kamar ɗaurin buhu, wannan yana shaƙe jini, ƙarshen ya ƙara kumbura. Kada a bar tagar fata a buɗe a ƙarshen, kada a bar tattara. Na ƙasan gwiwa naɗin ya haura gwiwa, na cinya ya kai matsematsi ya zagayo ƙugu don kada ya sulluɓe. A manne da filasta, ban da ƙarfunan nan masu haƙora da ke zuwa da bandejin.

Ana kwancewa a sake duk awa 4 zuwa 6, dare da rana yana jiki, ban da lokacin wanka. Duk kwancewa a duba fatar. In ya ce yana bugawa, ko ya yi sanyi, ko ya mutu, an matse da yawa, a kwance a sake. Bandejin a wanke da sabulu a shimfiɗa a inuwa. Rataya shi a rana yana kashe talewarsa.

Ƙafar da babu tana ciwo

A mako na biyu ya tashe ni da tsakar dare. "Yaya, babban yatsana ke ƙaiƙayi. Na dama." Na haska fitila a inda yake nunawa, zanen gado ne kawai. Wasu daren kuma ya ce kamar ana murɗa masa diddige, ko ana soka ƙusa mai zafi. Gwaggo ta rantse an binne ƙafar a lanƙwashe ne, sai an tono an miƙe ta. Wata maƙwabciya ta kawo zancen iska.

Ba ko ɗaya. Jijiyoyin da aka datse suna ci gaba da aika saƙo, ƙwaƙwalwa kuma na riƙe da hoton ƙafar. Kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na waɗanda aka yanke wa gaɓa suna jin wannan ciwo, kuma ga yawancinsu yana raguwa da tafiyar watanni. Taimako na farko shi ne ku gaskata shi. Wanda aka yi wa dariya sau ɗaya zai daina faɗa, ya koma tunanin ya fara taɓuwa.

Naɗi mai kyau na rage shi. Bayan ciwo ya rufe, a riƙa shafa dungulmin, a ɗan bubbuga da yatsu, a goga da auduga, daga baya da tawul mai kaushi, don fatar ta saba da taɓi. Akwai kuma dabarar madubi: ya zauna ya miƙe ƙafafu, a tsayar da dogon madubi a tsakani yana kallon lafiyayyar ƙafar, dungulmin na ɓoye a baya. Ya riƙa motsa yatsu yana kallon madubin kamar ƙafa biyu ke gabansa, minti 10 zuwa 15 kullum. Mu madubin kabad ɗin matarsa muka kwance. Ya yi mana dariya a ranar farko, amma bai daina ba.

In ciwon na hana barci, akwai magungunan jijiya irin su amitriptyline da gabapentin, likita ne zai rubuta ya kuma ƙayyade. Abin da zan ja kunne a kai shi ne tiramadol da makamantansa. Abokai za su kawo da sunan taimako. Maganin zafi ya zauna a hannun mutum ɗaya, a riƙa ƙirgawa.

Gyaran gida

Ku fara da makewayi tun kafin a sallamo shi, don a nan mutunci ke zubewa. Mai ƙafa ɗaya ba ya tsuguno. Mun huda kujerar roba mai ƙwari a tsakiya muka ɗora bisa ramin, muka kafa bututun ƙarfe a bango ya kama. Wata kujerar a wurin wanka. A kwashe tabarma da igiya da takalman yara daga hanya, a sa fitila tsakanin ɗakinsa da bayan gida.

Sandunan hammata a daidaita su: tsakanin hammata da kan sanda a bar faɗin yatsu biyu zuwa uku, nauyi ya sauka a tafin hannu. Mai rataya a hammata yana danne jijiya, hannu ya mutu. Wajen hawa matakala lafiyayyar ƙafa ke gaba, wajen sauka sanduna. Robar gindin sanda in ta cinye a sauya. Wanda ya san lakar Gadarif da damina ba sai an yi masa bayani ba, mu yashi da tsakuwa muka zuba daga ƙofar ɗaki zuwa zaure.

Ibada ba ta da wuya yadda ake zato. Idan yankan ya haura idon sawu, wankin wannan ƙafa a alwala ya faɗi, kuma ba a wanke ta roba. Salla kuwa hadisin Imrana ɗan Husaini ya warware: a tsaye, in ba hali a zaune, in ba hali a kwance a gefe.

Daga nan sai ku fara janye hannu, kuma wannan ya fi komai wuya, musamman ga uwa. Inna na ganin ya miƙa hannu sai ta riga shi. Sai da na ce mata, "Inna, ki yi haƙuri ki bar shi ya ɗauka. In kin saba masa, ranar da ba kya nan fa?" Ta yi fushi da ni kwana biyu. Abin da zai iya da kansa, ko zai ɗauki rabin awa, a bar shi: sa wando, zuwa bayi, haɗa shayinsa.

Kuɗi da haƙƙi

A naɗa ma'aji ɗaya, da littafi ɗaya. Gudummawar dangi, ko ta hannu ko ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, ta bi ta wurinsa, kuma mai ciwon ya riƙa ganin lissafin. Kuɗin kan zo da yawa a makon farko ya ƙafe a wata na biyu, daidai lokacin da ake bukatar na gashi, bandeji da motar zuwa cibiya. Ku ware wannan tun farko. Kowace takarda, rahoton tiyata, hoton ƙashi, rasit, a ɗauke ta a waya a tura wa wani ɗan'uwa a wani gari. Zamanin gudun hijira ne, takarda na ɓata. Da waɗannan takardu ake zuwa Diwanin Zakka da ƙungiyoyin agaji.

In haɗari ne na mota ko na wurin aiki, ku tabbatar an cike Urnik 8, takardar da 'yan sanda ke bayarwa likita ya rubuta irin raunin. Ita ce hujja a kotu da wajen inshora. A shari'a ƙafa ɗaya rabin diyya ce, biyu kuma cikakkiya, dokar laifuka ta Sudan ta 1991 ma a kan haka take. Za a zo judiyya, wato zaman sulhu na dattawa, a shimfiɗa tabarma, a sha kofi, wani dattijo ya ce ƙaddara ce mun yafe. A namu zaman sai da na nemi izini na ce, "Baffa, Allah ya ƙara girma, haƙƙin ba namu ba ne. Mai shi na ɗaki, kuma yana da 'ya'ya uku." Yafiya alheri ce in mai haƙƙi ya yi ta da bakinsa, bayan zafin ciwo ya sauka ya san abin da ke gabansa. Ƙafar roba ba sau ɗaya ake yin ta ba, har ƙarshen rayuwa ana sauyawa.

Bakin mutane da zuciyarsa

Dubiya sunna ce, amma mutum talatin a ɗaki, kowa na son a ɗaga zane ya gani, azaba ce. Ku sa lokaci, bayan la'asar misali, kuma ba mai buɗe masa jiki ko ɗaukar hoto. Mai kuka ta yi a waje. Kusan duk malamin da ya zo sai ya ba shi labarin Urwatu ɗan Zubairu, wanda aka yanke wa ƙafa a Dimashƙa zamanin Walidu ɗan Abdulmalik, ɗansa kuma ya rasu a tafiyar, ya yi haƙuri. Labari ne mai kyau. Amma na ga yadda ake mayar da shi bulala, kamar wanda ya zubar da hawaye ya yi saɓo. Ku bar shi ya yi kukansa, ya yi fushinsa. Kwanaki zai yi ba ya son kallon dungulmin, kada a tilasta shi.

Abin da ba a bari shi ne wanda ya zarce: mako biyu ko fiye ba ci, ba barci, ba magana, ya juya wa bango fuska, ko ya fara cewa gara mutuwa, ko ya zame muku kaya. Wannan ba raunin imani ba ne, ciwo ne mai magani. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna daga kusa da shi, a gaya wa likita. Wanda ya samu raunin a harin bam zai iya firgita da ƙarar ƙofa ko ya riƙa mugun mafarki, shi ma a faɗa.

Abin da ya ɗaga ƙanina ba wa'azinmu ba ne. Wani tela ne da aka yanke wa ƙafa shekaru da suka wuce, ya shigo da ƙafarsa, ya zauna, ya cire ta ya jingine a bango, ya ce a kawo masa shayi. Ku nemo irin wannan mutumin. Ku hana yara da manya laƙaba masa suna. Ku ci gaba da kawo masa shawarar gida, kuɗin makaranta, auren ƙanwa, farashin dawa, don ya san har yanzu maigida ne. Matarsa kuma mutum ce, a karɓe ta kwana ɗaya ko biyu a mako ta je gidansu ta yi barci.

Ƙafar roba

Ana auna mutum ne bayan ciwo ya rufe sarai kuma kumburi ya sauka, galibi tsakanin mako 6 zuwa wata 3. Hukumar gwamnati da ke wannan aiki, wadda kowa ke kira Aɗraf Sina'iyya, kafin yaƙin hedikwatarta a Hartum take, da rassa a garuruwa irin su Kasala, Gadarif, Damazin da Dongola, kuma ƙungiyar Red Cross ta duniya ta daɗe tana tallafa mata da kayan aiki da horo. Yaƙi ya taɓa aikin, don haka kafin ku biya kuɗin mota ku tambayi ofishin Hilal Ahmar, wato Red Crescent, mafi kusa wace cibiya ke karɓar mutane, ku sa sunansa a layi da wuri.

Za a ɗauki zubin dungulmin da jibis, farin simintin ɗorin asibiti, a ƙera kwanon da zai shiga, sannan a yi kwanaki ana koya masa tafiya tsakanin ƙarafa biyu. Kada ku ɗauke shi kafin a gama don kewar gida. Ku tafi da takalmi ƙafa biyu mai rufi, wanda zai riƙa sawa kullum, domin a kan tsayin dundunniyarsa ake saita ƙafar. In ya sauya zuwa mai tsayi daban, tafiyar ta karkace.

A gida ya fara da ɗan lokaci, rabin awa zuwa awa, ya cire a duba fata, har bayan dungulmin da ƙaramin madubi. Jan da bai baje ba bayan minti 15 zuwa 20, ko bororo, alama ce kwanon na cizo. A ajiye ƙafar a koma cibiya. Kada a kai wa maƙeri ko mai gyaran takalmi, kada a cusa tsumma. Dungulmin zai ci gaba da ramewa, ana cike gurbin da ƙarin safa, in safar ta yi yawa lokacin sabon kwano ya yi, sau da yawa a cikin shekarar farko. Bayan nan ƙafa kan yi wa babba kamar shekara 3, yaro mai girma kuwa duk wata 6 zuwa 12 sai an duba.

Zafin ƙasarmu na sa zufa ta taru a kwano. A wanke dungulmi da dare, a busar sosai, a goge cikin kwanon, safa kuma sabuwar wanki kullum. Wankan safe da ruwan zafi na kumbura shi, ƙafar ta ƙi shiga. Kada a bar ta a rana ko kusa da murhu. Sandunan ma kada a kyautar, akwai ranar da fata za ta ce a huta.

Lafiyayyar ƙafar yanzu ita ke ɗauke da kaya. Mai sukari ya duba ta kowane dare, tsakanin yatsu da diddige, ya girgiza takalmi kafin ya sa, kada ya taka ƙasa ba takalmi ko a tsakar gida. Ƙanina bai koma bayan tarakta ba. Da kuɗin diyya ya kama rumfa a kasuwar amfanin gona yana awon riɗi da dawa, da doguwar kujera a bayan sikeli, da safa biyu a aljihu don sauyawa da azahar.